Yadda Ake Ɗanɗana Tsohon Wiski na Singul Molt, a Kuma Yanke Masa Hukunci

Tun da na fara aiki a sashen abin sha na wani otal a Edinbura, babban birnin Sikotlan, tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga 'yan uwa masu aikin otal a Abuja da Jos da Akara ita ce: idan baƙo ya kawo kwalbar wiski mai shekara 18 ko 25, wadda aka ce kaɗan aka fitar da irinta, ta yaya mutum zai gane ko ta ci kuɗinta? Kowa ya san Musulunci ya haramta giya, kuma a jihohi irin su Kano da Zamfara doka ta hana sayar da ita, saboda haka wannan jagora ba kira ba ce ga kowa ya sha. Na rubuta ta ne domin manya waɗanda addininsu da dokar garinsu suka ba su dama, da kuma waɗanda sana'a ta haɗa su da wannan kaya.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, shekarun da ke rubuce a jikin kwalba da kuɗin da aka biya ba su ne hukunci ba. Mafi yawan aikin hanci ne ke yin sa, da haƙuri, tun kafin ɗigo ɗaya ya taɓa harshe.

1. Karanta takardar da ke jikin kwalba

Kada a buɗe kwalba sai an karanta takardarta gaba da baya. Dokar wiskin Sikotlan ta shekarar 2009 ta tanadi cewa singul molt dole ne a yi shi da ruwa da tsiron sha'ir kaɗai, a matata guda ɗaya, a cikin tukwanen tacewa na gargajiya, sannan ya kwana aƙalla shekara 3 a Sikotlan cikin gangar itacen ok wadda ba ta wuce lita 700 ba, kuma ƙarfinsa kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Abubuwa huɗu ake nema a takardar.

Na farko shekaru. Adadin da aka rubuta shekarun wiski mafi ƙanƙanta ne a cikin haɗin, kuma shekarun da ya yi a ganga kaɗai ake ƙirgawa. Kwalbar mai shekara 18 da ta yi shekara 10 a kabad tana nan a mai shekara 18, domin wiski ba ya ƙara nuna bayan an ɗura shi a kwalba.

Na biyu ƙarfi. Kashi 40 ko 43 yawanci na nufin an sirka shi da ruwa sosai kafin ɗurawa, kuma galibi an yi masa tacewar sanyi, wato an sanyaya shi an cire wasu sinadarai masu maiƙo don kada ya yi hazo. Daga kashi 46 zuwa sama yawanci ba a yi wannan tacewa ba. Idan aka ga lamba mai ɗigo kamar 54.3, sau da yawa alama ce ta ƙarfin ganga, wato yadda ya fito daga ganga haka aka ɗura shi.

Na uku irin gangar. Gangar da ta taɓa ɗaukar bobon, wato wani wiski na Amurka, mai kimanin lita 200, takan ba da ƙamshin fanila da kwakwa da zuma. Babbar gangar sheri, giyar inabi ta yankin Jerez a Sifaniya, mai kimanin lita 500, takan ba da zabibi da dabino da kanumfari, da launi mai duhu.

Na huɗu adadin kwalabe. Doka ba ta ƙayyade yawan kwalaben da za a fitar kafin a kira kaya ƙayyadadde ba, don haka kalmar ita kaɗai ba ta nufin kome sai an rubuta lambar ganga, da shekarar da aka tace, da shekarar da aka ɗura, da adadin kwalabe. Ana iya auna gaskiyar adadin da lissafi. A yanayin Sikotlan ganga na asarar kusan kashi 2 cikin 100 a kowace shekara ta hanyar tururi, abin da masu sana'ar ke kira rabon mala'iku. Ganga mai lita 250 da ta yi shekara 25 za ta rage kusan lita 150, wanda bai fi kwalabe ɗari biyu da 'yan kai ba masu mililita 700.

Gargaɗi: idan takarda ta ce ganga ɗaya ce amma kwalabe dubu uku aka fitar, lissafin bai hau ba, kuma ya kamata a tsaya nan a yi tambaya.

2. Tabbatar da cewa ba jabu ba ce

Tsada ita ke jawo 'yan damfara. A watan Nuwamba na 2023 an sayar da kwalba ɗaya ta Macallan 1926 a gwanjon Sotheby's da ke Landan a kan kusan fam miliyan 2.2, kuma duk inda irin wannan kuɗi yake, masu cika tsofaffin kwalabe da wani abu daban suna nan kusa. A 2018 wata cibiyar bincike ta jami'o'in Sikotlan da ke East Kilbride ta auna kwalabe 55 na tsohon wiski da aka samo daga gwanjo da masu tara kwalabe da 'yan kasuwa, ta samu 21 daga cikinsu ba su ne abin da aka rubuta a jikinsu ba.

A duba hular da ta rufe bakin kwalba: ya kamata ta zauna daram ba tare da tattarewa ko alamar gam ba. A duba rubutun takarda ko akwai kuskuren harafi ko tawadar da ta yi dishi-dishi. A duba inda ruwan ya tsaya, domin a sabuwar kwalba yana kaiwa cikin wuya, kuma idan ya sauka zuwa kafaɗa to toshiyar ta daɗe tana shan iska. Akwai kuma gwaji mai sauƙi ga wanda aka ce ƙarfin ganga ne: a girgiza kwalbar a rufe, a kalli kumfar. Idan ƙarfin ya haura kashi 50 ƙwayoyin kumfa kan tsaya na ɗan lokaci kamar an jera duwatsun wuya, amma a kashi 40 nan take suke ɓacewa.

Gargaɗi: asarar jabun giya ba ta tsaya a kuɗi ba. Wadda aka haɗa da sinadarin metanol tana makantarwa, tana kuma kisa, kuma harshe ba ya iya bambance ta. Kwalbar da ba a san hannun da ta fito ba, ko wadda aka sayar da araha fiye da hankali, kada a ɗanɗana ta ko kaɗan.

3. Kayan aiki da abin da za a kashe

Kayan ba su da yawa. Ana buƙatar kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, irin wanda ake kira Glencairn da aka fara sayarwa a 2001, ko ƙaramin kofin sheri mai ƙafa. A Birtaniya irin wannan kofi ba ya kai fam 10. A tanadi aƙalla guda uku iri ɗaya, domin kwatantawa ba ta yiwuwa da kofuna mabambanta. Sai ruwan kwalba marar gas, da sirinji marar allura ko ƙaramin cokalin shayi, da farar takarda, da littafi da biro, da kofin tofarwa, da busasshen biskit marar zaƙi, da 'yar faranti ko murfin gilashi na rufe kofi.

Gargaɗi: faffaɗan tambulan da ake gani a hannun mutane da ƙanƙara a ciki bai dace da wannan aiki ba, domin bakinsa a buɗe yake, ƙamshin na watsewa kafin ya iso hanci.

Babban kuɗin yana wajen kwalbar. Kwalba mai mililita 700 tana ba da awo 28 na mililita 25, don haka wadda aka saya fam 280 kowane awo ya tashi fam 10 ke nan. Shawarata ga wanda bai taɓa ɗanɗana wani wiski ba ita ce ya fara sayen awo ɗaya a wurin da aka amince da shi, ko 'yar kwalbar gwaji mai mililita 30 da wasu 'yan kasuwa ke sayarwa, kafin ya zuba kuɗinsa a babbar. Wanda zai saya a gwanjo kuma ya tuna cewa a kan farashin da aka buga akwai la'adar masu gwanjo da kuɗin aikowa da harajin kwastan. Akwai ƙarin sayayya ɗaya da nake ganin wajibi ce: kwalbar yau da kullum ta wannan matatar, mai shekara 10 ko 12. Ita ce ma'aunin da za a gwada tsohuwar da ita a mataki na 11.

4. Shirya ɗaki da jiki

A zaɓi ɗaki mai haske wanda ba a girki a kusa da shi, ba a kunna turaren wuta ko maganin sauro ba. Mai ɗanɗano kada ya shafa turare ko man shafawa mai ƙamshi, kuma ya wanke hannu da ruwa zalla. Ya nisanci taba da goro da yaji da man goge baki aƙalla sa'a biyu kafin ya fara, amma kada ya zauna da yunwa. Safiya kafin abincin rana ita ce lokacin da hanci ya fi kaifi.

Zafin ɗaki na da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Wiski ya fi bayyana kansa a wajen digiri 18 zuwa 20. A ɗakin da zafi ya haura digiri 30, kamar yadda ake samu a watannin bazara a ƙasarmu, tururin barasa na tashi da ƙarfi ya danne sauran ƙamshin, sai mutum ya yanke wa wiski hukuncin cewa yana da zafi alhali laifin ɗakin ne. A yi aikin a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, a bar kwalbar ta zauna a ciki sa'a ɗaya. A lokacin hunturu kuma, idan ƙura ta busar da hanci ko mura ta kama mutum, gara a ɗage zaman gaba ɗaya.

Gargaɗi: awo ɗaya na mililita 25 mai ƙarfin kashi 40 yana ɗauke da barasa zalla mililita 10, na ƙarfin ganga kuwa ya kusa ninki ɗaya da rabi. Kada a wuce kofi uku ko huɗu a zama ɗaya, a riƙa tofarwa kamar yadda alƙalan gasa ke yi, kuma wanda ya ɗanɗana ba zai tuƙa mota ba. Mace mai ciki, da mai ciwon hanta ko gyambon ciki, da wanda ke shan magani, wannan zama ba nasu ba ne.

5. Buɗe kwalba da zubawa

Toshiyar tsohuwar kwalba takan bushe ta yi rauni. A yanke hular da wuƙa a kewaye, a kifa kwalbar sau ɗaya na 'yan daƙiƙu don toshiyar ta jiƙe, a tsayar da ita, sannan a riƙe kan toshiyar a ja sama a hankali ana ɗan murzawa, ba tare da lanƙwasa ta gefe ba. Na taɓa buɗe wa wani baƙo kwalba mai shekara 30 da ya ajiye tun rasuwar mahaifinsa, sai katakon da ke kan toshiyar ya fito a hannuna, rabin toshiyar ya rage a wuya yana marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Abin da muka yi shi ne muka zaro ragowar da abin buɗe kwalbar inabi a tsanake, muka tace wiskin da tsabtatacciyar rariyar shayi ta ƙarfe zuwa wata kwalbar da aka wanke ta bushe. Wiskin bai lalace ba. Tun daga ranar nake ajiye toshiyoyin kwalaben da suka ƙare a aljihun tebur.

A zuba mililita 20 zuwa 25, a rufe kofin, a bar shi ya huta. Masu sana'ar suna da wata al'ada ta cewa minti ɗaya a kofi ga kowace shekara a ganga. Ba doka ba ce, amma na ga amfaninta: wiski mai shekara 25 da aka shinshina nan take sau da yawa a rufe yake, bayan minti 20 kuwa sai ya zama wani abu daban.

6. Duba launi

A ɗaga kofin a gaban farar takarda a rubuta launin da aka gani, daga ruwan bambaro zuwa ruwan zuma zuwa ja mai duhu irin na shayin da ya daɗe a wuta. Kada a daɗe a nan, kuma kada a ba launi maki. Doka ta yarda a ƙara launin ƙonannen sukari mai lamba E150a, don haka duhu ba hujjar tsufa ba ne sai takardar ta ce launin na asali ne. Ko a hakan, abin da launi ke nunawa irin gangar ce: mai shekara 25 a gangar bobon da aka sha amfani da ita yana iya zama fari-fari, mai shekara 8 a sabuwar gangar sheri ya fi shi duhu. Zirin da ke gangarowa a jikin kofi bayan an karkata shi yana nuna ƙarfi da kauri ne kawai.

7. Shinshinawa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne ya kamata rabin lokacin ya tafi. Ƙwararrun masu haɗa wiski a Sikotlan suna duba samfura masu yawa a rana, mafi yawansu da hanci kaɗai, bayan sun sirka su zuwa wajen kashi 20.

A fara da kofin a daidai haɓa, baki a ɗan buɗe, a ja numfashi a hankali kamar mai sauraro. Sannan a matso da shi ƙarƙashin hanci, a yi gajerun shaƙa biyu ko uku, a janye. A gwada kowace ƙofar hanci daban, domin a kowane lokaci ɗaya ta fi ɗaya buɗewa. A gwada leɓen kofin na sama da na ƙasa idan an karkata shi: ƙamshi mai nauyi kan taru a ƙasa, na furanni da 'ya'yan itace a sama.

Gargaɗi: kada a cusa hanci cikin kofi a ja dogon numfashi, kuma kada a juya kofin da ƙarfi kamar yadda ake yi wa giyar inabi. Barasa mai ƙarfin kashi 55 tana kashe hanci na mintuna, duk abin da aka shinshina bayan nan ƙarya ne. Idan hakan ya faru, a shinshina bayan hannu ko hannun riga mai tsabta, a jira.

Kuskuren da na fi gani a wurin 'yan uwanmu shi ne haddace kalmomin Turawa, mutum ya ce yana jin ƙamshin wani ɗan itacen da bai taɓa gani da idonsa ba. Wannan ba ya taimakon kowa, har shi mai faɗin. A rubuta abin da hanci ya sani. Idan ƙamshin ya tuna maka da dabino ko ɗinya ko tsamiyar da aka jiƙa, rubuta haka. Idan gardin soyayyar gyaɗa ne, ko man shanu, ko citta da kirfa da masoro, ko ɓawon lemon zaƙi, ko ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, duk kalmomi ne na gaskiya. Wiskin tsibirin Islay na Sikotlan, irin su Laphroaig da Ardbeg da Lagavulin, ana busar da tsiron sha'irinsu da hayaƙin gawayin fadama, wato ruɓaɓɓun tsirrai da suka daɗe a dausayi ana haƙo su a ƙona, kuma ni a hancina hayaƙin yana kama da na kifi banda haɗe da warin asibiti. A tsohon Islay wannan hayaƙi yakan lafa ya koma baya, 'ya'yan itace su fito gaba. Na yankin Speyside kamar Glenfarclas da Balvenie da Glenfiddich galibi ba su da hayaƙi, zaƙi da 'ya'yan itace ne a gaba.

Hausa ma ta fi dacewa da wannan aiki fiye da yadda muke zato, domin ta raba wari kashi-kashi: ƙauri daban, ƙarni daban, hamami daban. A yi amfani da su wajen gano aibi. Warin ashanar da aka ƙyasta ko ƙonanniyar roba alama ce ta farar wuta, wadda kan fito daga wasu gangunan sheri, kuma kaɗan daga cikinta wasu na so, amma idan ta rufe kome aibi ce. Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya daɗe a rufe da damina yana nuna toshiyar ta ɓata wiskin, kuma irin wannan kwalba mayar da ita ake yi ga mai sayarwa. Warin gumi ko tsamin cuku kuwa daga wajen tacewa yake, an bar ƙarshen ruwan tukunya ya shiga da yawa.

A rubuta abin da aka ji a minti na farko, da na goma, da na ashirin. Tsohon wiski na ƙwarai yana sauyawa, wani ƙamshi na tafiya wani na zuwa. Wanda ya tsaya a kan abu ɗaya daga farko har ƙarshe, ko da abin mai daɗi ne, bai kai matsayin da farashinsa ke iƙirari ba.

8. Kurɓar farko da ta biyu

Kurɓar farko ba ta hukunci ba ce, ta sabar da baki ce. A ɗauki ɗan kaɗan da bai fi rabin cokalin shayi ba, a bar shi ya zagaya, a haɗiye ko a tofar. Bayan minti ɗaya a yi ta biyu, a riƙe ta daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar ana motsa ta a kan harshe da dasashi da gefen kumatu.

Abubuwa uku ake lura da su, a jere. Jiki: shin tsinkakke ne kamar ruwa, ko yana da maiƙo da kauri yana lulluɓe baki? Ɗanɗano: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, da yadda suke biyo juna. Sai cika alkawari: abin da hanci ya ji, bakin ya same shi? Wiskin da ya yi ƙamshin dabino da zuma amma a baki ya zama lami ya faɗi a nan.

Babban ciwon tsohon wiski shi ne bauri. Itacen ganga yana zuba masa sinadari shekara da shekaru, kuma idan an bar shi ya wuce lokacinsa sai ya riƙa kama harshe yana busar da dasashi kamar ɗanyar kanya ko shayin da aka manta a buta. Ɗan bauri kaɗan yana ba wiski ƙashi, kamar yadda ɗacin goro ke buɗe wa zaƙi hanya. Idan kuwa baurin ya rage shi kaɗai bayan sauran sun tafi, gangar ta cinye wiskin. A bambance kuma tsakanin ɗumi da maƙaƙi: ɗumi yana sauka a ƙirji a hankali, maƙaƙi yana kartar maƙogwaro, kuma bai kamata a same shi a wiskin da ya haura shekara 18 ba.

9. Ƙara ruwa

Sai an gama shinshinawa da kurɓa biyu ake taɓa ruwa. Ruwa yana rage zafin barasa, yana kuma tura wasu sinadaran ƙamshi zuwa saman kofi, abin da wasu masana biyu na Jami'ar Linnaeus a Suwidin suka yi bayaninsa a 2017 game da sinadarin da ke ba da ƙamshin hayaƙi.

A ɗiga ɗigo biyu ko uku da sirinji, a karkata kofin a hankali, a jira minti biyu, a sake shinshinawa a kurɓa. Ga wiski mai ƙarfin ganga ana iya ci gaba: mililita 25 mai kashi 56 yana buƙatar kusan cokalin shayi ɗaya na ruwa kafin ya sauko wajen kashi 46. Idan ya yi hazo bayan an sa ruwa kada a tsorata, alama ce ba a yi masa tacewar sanyi ba.

Gargaɗi: wiskin da ya tsufa ƙwarai, musamman na gangar sheri da ƙarfinsa ya riga ya sauko ƙasa da kashi 46, yana iya rushewa da ruwa kaɗan, zaƙin ya gudu baurin ya rage. Ruwan da aka zuba ba ya fitowa, don haka a raba awon gida biyu a gwada a rabi. Kada a yi amfani da ruwan famfo mai warin kulorin, ko ruwan leda da ya sha rana, ko ruwan firji. Ƙanƙara kuwa tana daskarar da ƙamshi tana kashe harshe, ba ta da wuri a zaman hukunci.

10. Jela da busasshen kofi

Abin da ya saura a baki bayan haɗiya shi nake kira jela. A rufe baki a fitar da numfashi ta hanci, a duba agogo. A rubuta tsawonta da kuma abin da ta ƙunsa, domin doguwar jela mai ɗaci ba abin yabo ba ce. Ta tsohon wiski mai kyau takan wuce minti guda, kuma sau da yawa wani ɗanɗanon da ba a ji a baya ba yakan bayyana a cikinta.

Kada a wanke kofin. A rufe shi a dawo bayan sa'a ɗaya, ko da safe. Barasar ta tafi, abin da ya rage na ganga ne tsantsa, kuma a nan ne ake gane ko ganga ce mai kyau ko gajiyayya.

11. Kwatantawa a ɓoye da ba da maki

Yanzu a ɗauko kwalbar ma'auni mai shekara 10 ko 12. A sa wani ya zuba su biyun a kofuna iri ɗaya, ya yi musu alama a ƙasa, ya kawo ba tare da ya faɗi wanne ne wanne ba. Idan launinsu ya bambanta a rage hasken ɗakin ko a naɗe kofunan da takarda. Na ɗauki wannan mataki da muhimmanci ne saboda abin da na gani da idona: a wani zama da muka yi mu shida ma'aikata, an zuba mana mai shekara 15 da mai shekara 25 na matata ɗaya, huɗu daga cikinmu suka zaɓi mai shekara 15, kuma dukanmu mun rubuta bauri a ƙarƙashin ɗaya kofin tun kafin a bayyana sunaye. Da mun ga kwalaben tukuna, na tabbata da yawanmu da mun kira wannan baurin zurfi.

Hanyar maki da ta fi sauƙi ita ce a raba 100 gida huɗu: 25 ga hanci, 25 ga baki, 25 ga jela, 25 ga daidaito, wato yadda sassan suka zauna da juna ba tare da ɗaya ya danne saura ba. A rubuta makin da biro kafin a san sunan, kuma kada a gyara shi bayan an sani. A ƙarƙashin kowane maki a sa jimla ɗaya ta dalili, domin lamba ba tare da dalili ba ba ta da amfani bayan wata shida.

Maganar kuɗi tana zuwa daban, bayan maki. Idan tsohuwar kwalbar ta samu 88, ta ma'auni ta samu 85, amma farashin ya ninka sau shida, sai a rubuta cewa wiski ne mai kyau wanda bai ci kuɗinsa ba. A tuna kuma cewa wani farashin na ƙaranci ne, ba na ɗanɗano ba: kwalaben Port Ellen da Brora da aka tace kafin rufe matatun biyu a 1983 suna da tsada ne a babban ɓangare saboda abin da ya rage na wancan zamani yana ƙarewa.

Gargaɗi: kada a karanta ra'ayin wasu ko bayanin ɗanɗano da kamfani ya buga a kwali kafin a rubuta naka. Da zarar an ce maka akwai zabibi, za ka ji zabibi.

12. Ajiya da sake dubawa

Hukuncin zama ɗaya na wucin gadi ne. Awon farko daga wuyan kwalba sau da yawa a takure yake, don haka a sake zama bayan mako biyu zuwa huɗu a bi matakai na 5 zuwa na 10, a kwatanta da rubutun farko.

A ajiye kwalbar a tsaye, ba a kwance kamar ta giyar inabi ba, domin ƙarfin barasa yana cin toshiya. A sa ta cikin kwalinta a kabad mai sanyi, nesa da taga da kicin da bayan firji, kuma kada a bar ta a but ɗin mota ko na sa'a ɗaya a zafin rana. Idan abin da ke ciki ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, iskar da ke sama za ta fara disashe ƙamshin cikin 'yan watanni, sai a juye ragowar a ƙaramar kwalbar gilashi mai mililita 100 ko 200 da aka wanke ta bushe, a cika ta har wuya, a manna mata takarda mai ɗauke da sunan matata da lambar ganga da ƙarfi da ranar da aka buɗe ta asali.